Ɗan Ga-ruwa a Ƙasar Ruma: Daga Garwa Zuwa Kura

Malamaina da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, na san ba wanda ya manta da watan Afrilu a makaranta, lokacin da rijiya kan ƙafe, mu yi cirko-cirko da bokitai muna jiran mai kura. Tarihin wannan bawan Allah nake so mu ɗan waiwaya.

Kakanninmu tulu da salka suka sani. Ƙasar Ruma kuwa ƙasar duwatsu ce, da zarar bazara ta kama sai an yi tafiya kafin a ga ruwa. Da Turawa suka kawo kananzir cikin garwa mai galan 4, sai sana'ar ta sami kayan aiki: garwa biyu, igiya, da sanda a kafaɗa. Wajen lita 36 ke nan a kowane sawu. Na taɓa gwada ɗauka don wasa, ban yi taku goma ba. Akasarinsu 'yan cirani ne, da yawa daga wajen Maraɗi, kuma farin 1973 da na 1984 sun ƙara yawansu. Gidajen kulle ba su da madogara sai su.

Ba a ce hukuma ba ta taɓuka ba. An kammala madatsar Zobe a 1983, a 1986 kuma aka kafa DFRRI, ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. Amma ɗan ga-ruwa bai gushe ba, layi kawai ya sauya. Ya ajiye garwa, ya ɗauki kura da jarkoki. Da 'yan bindiga suka koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin Batsari a 2019, bakuna suka ƙaru, rijiyoyi ba su ƙaru ba.

Abin da ya tsaya mini a rai, ni da nake aikin gwamnati, shi ne takwaransa na Maroko. A dandalin Jami'ul Fana na birnin Marakash har yau ana ganinsa da jar riga, malafa mai tuntaye, salkar fatar akuya, kofunan tagulla da ƙararrawa. To amma famfo ya riga ya karɓe masa ciniki, yanzu galibi kuɗin ɗaukar hoto yake karɓa daga masu yawon buɗe ido. Namu na Batsari da Safana ba mai ɗaukarsa hoto. In ya kwanta ciwo kwana ɗaya, a ranar akwai gidan da ba za a ɗora tukunya ba.