Tani Adewumi: Daga Gudun Hijira Zuwa Zakaran Darar Ces

A watan Maris na 2019, a garin Saratoga Springs, wani yaro ɗan shekara 8 ya buga wasa 6 na darar ces, ya ci 5, ya yi canjaras a ɗaya. Da haka ya zama zakaran jihar New York a rukunin yara 'yan nazare zuwa aji uku na firamare. Ya kinkimi ƙaton kofinsa ya koma inda yake kwana, wato gidan marasa matsuguni a Manhattan. Sunansa Tanitoluwa Adewumi, ana ce masa Tani, kuma a Najeriya aka haife shi a watan Satumbar 2010.

Mahaifinsa, Kayode, a da maɗaba'a gare shi a Abuja. Kamar yadda iyalin suka ba da labari, wasu 'yan Boko Haram ne suka kawo masa aikin buga fastocin ƙiyayya, ya ƙi karɓa, daga nan barazana ta biyo baya. A 2017 suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi Amurka neman mafaka. Mutumin da yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa ya koma wankin kwanuka da tuƙa motar Uber.

A makarantar gwamnati mai suna P.S. 116 Tani ya haɗu da wasan, a hannun wani malami, Shawn Martinez. Ya dawo gida ya matsa wa mahaifiyarsa, Oluwatoyin, lamba sai ya shiga kulob. Kuɗin shiga kuwa babu. Ta rubuta wa shugaban kulob ɗin, Russell Makofsky, ta faɗa masa halin da suke ciki ba ɓoye-ɓoye, shi kuma ya yafe kuɗin. A gasarsa ta farko a 2018 makinsa 105 ne, shi ne na ƙarshe. Wannan maki shi ne ma'aunin ɗan wasa: ka ci wanda ya fi ka ya hau, a ci ka ya sauka. Shekara guda da 'yan kai, na Tani ya haura 1,500. Da dare yana kwance rub-da-ciki a daɓen ɗakinsu yana jera 'ya'yan wasan, ko yana atisaye a kwamfutar mahaifinsa. Ranar Asabar uwar ta kai shi Harlem, inda ake koyarwa kyauta na awa uku.

Akwai motsi ɗaya a gasar jihar da har yau ake maganarsa. Tani ya ba da giwarsa, wadda Turawa ke kira bishof, don ya ci ƙaramin soja guda. Hankalin malamansa ya tashi, suka ɗauka dara ta ci gida. Da suka saka wasan a kwamfuta, sai ta nuna yaron ne da gaskiya: ya hango ribar da za ta zo bayan motsi da yawa.

Da Nicholas Kristof ya rubuta labarin a jaridar New York Times, cikin kwanaki kaɗan jama'a suka tara sama da dala 250,000. Iyalin suka karɓi gidan zama da aka ba su, kuɗin kuma suka zuba a gidauniyar taimakon wasu. An yi ta kiran abin mu'ujiza. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar da yaron ya tarar a shimfiɗe: kulob a makarantar talakawa, malami mai lura, gasa bayan gasa, da maki da ake rubutawa.

A nan zuciya take komawa gida. A Dogon Daji, da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, ba a rasa inuwar da ake haƙa gurabe 30 a ƙasa don wasan dara, wannan ya riƙe tsinkaye 12, wancan duwatsu 12, kowa na neman jera uku ya ci ɗan abokinsa. Wasa ne na lissafi da hangen nesa. Amma yaron da ya kayar da manya a wurin, iyakar ladarsa a ce, "Kai, yaron nan akwai kwanya!" Wani lokaci ma korarsa za a yi, a ce dara aikin marasa aikin yi ce. Ba wanda zai rubuta sunansa, ba gasar da za ta kai shi ko da Sakkwato. Kuma yau a Sakkwato da Zamfara akwai yara birjik da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, kamar yadda aka raba Tani da nasa.

Kada kuma a ce ces baƙuwa ce a Arewa. A Barno an daɗe ana buga wani nau'inta mai suna tsatsarandi, inda 'ya'yan wasan ke ɗauke da sunayen sarautu irin su mai da ciroma da kaigama. Jami'an mulkin mallaka C.K. Meek da P.G. Harris sun rubuta bayaninsa a shekarun 1920 da 1930, lokacin masu iya shi sun riga sun yi ƙaranci.

Tani bai tsaya a kofin yara ba. Ranar 1 ga Mayun 2021 ya cinye dukan wasanninsa 4 a wata gasa a Connecticut, makinsa ya kai 2,223, ya zama gwani na ƙasa a Amurka yana ɗan shekara 10. Burinsa na zama babban gwani mafi ƙarancin shekaru a duniya bai cika ba; Abhimanyu Mishra ne ya kafa wannan tarihi a watan Yunin shekarar yana da shekara 12 da wata 4. A ƙarshen 2022 Amurka ta ba iyalin mafaka a hukumance, abin da ya buɗe masa ƙofar fita gasa a ƙasashen waje.

Shi kuwa Martinez, a watan Afrilun 2024 shi ne ya zauna gaban Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar koyar da ces ga yaran unguwannin talakawa a Legas, suka yi awa 60 suna bugawa a dandalin Times Square don tara kuɗin karatun yaran Afirka.