Daga Jan Layi Zuwa Sabar: Tarihin Ƙirga Lokacin Ma'aikaci

A makarantun firamare da ofisoshin gwamnati, tun daga birnin Kano har zuwa Durun a ƙaramar hukumar Kabo, kowane ma'aikaci ya san littafin sa hannu. Lokacin kama aiki na wucewa, shugaba zai ja jan layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, duk wanda ya rubuta sunansa a ƙasa ya makara. Mai aiki daga gida ta intanet ba ya ganin wannan littafi, amma sabar ma'aikatarsa, wato babbar kwamfutar da yake shiga daga nesa, tana rubuta mintin da ya shiga, da wanda ya fita, da tsawon lokacin da yatsunsa ba su taɓa madannai ba.

Ƙasar Hausa tana da nata ma'aunin tun kafin littafi. A tsarin gandu, 'ya'ya da ƙannen maigida kan noma gonar gida daga safe zuwa wajen azahar, sauran yinin kuma na gayauna ne. Maigida ba ya neman agogo, kunyoyin da aka nome su ne shaida. Masana'antar Turai da Amurka ce ta mai da lokacin kansa abin saye. A 1888 wani maƙerin agogo a jihar New York, Willard Bundy, ya ƙera na'urar da ke buga lokacin zuwan ma'aikaci a takarda. Kamfanin da ya kama ƙera ta yana cikin tushen wanda aka raɗa wa suna IBM a 1924.

Kwamfuta kuwa ta fara ƙirga lokaci ne saboda tsadarta. A 1961 masanan jami'ar MIT, ƙarƙashin Fernando Corbató, suka gwada tsarin CTSS, inda mutane da yawa ke amfani da na'ura ɗaya a lokaci guda. Sai ya zama dole kowa ya mallaki suna da kalmar sirri, a kuma san rabon kowa. A 1971 Les Earnest na jami'ar Stanford ya rubuta manhajar Finger, mai nuna wanda ke ciki, da inda yake zaune, da tsawon lokacin da ya yi bai taɓa komai ba. Manufarta zumunci ce: ka san ko abokin aikinka na nan kafin ka taka zuwa ɗakinsa. Bayan da cutar kwamfuta ta Morris ta bi ta wannan ƙofa a Nuwamban 1988, cibiyoyi da dama suka toshe ta.

Har gobe mai kula da sabar yana da hujjar duba wannan lissafi. Wanda ya shiga ya tashi bai fita ba yana riƙe da ƙwaƙwalwar na'ura a banza, ya kuma bar ƙofa a buɗe, tamkar mai shagon da ya tafi masallaci bai ja ƙyaure ba. Shi ya sa ake saita sabar ta katse shi bayan wasu mintuna. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka ɗauki wannan ma'auni na tsaro aka miƙa wa mai biyan albashi.

Najeriya ta ɗanɗana amfanin bin diddigi da kuma iyakarsa. Tsarin IPPIS da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2007, da lambar BVN ta 2014, sun taimaka wajen zaƙulo ma'aikatan bogi. Sai dai tambayar da suke amsawa ita ce ko mutumin yana nan da ransa. Ko malamin ya shiga aji, ko yaran sun iya karatu, wannan ba hurumin na'ura ba ne.

Annobar korona ta 2020 ta kai wannan ruɗani cikin ɗakunan mutane. Kamfanoni suka dogara da motsin linzamin kwamfuta, kasuwa kuma ta cika da 'yan na'urorin da ke motsa shi da kansu. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma bisa zargin kwaikwayon danna madannai. Akantan da ya yi rabin awa yana nazarin takarda, sabar za ta rubuta shi a malalaci, mai wasa da linzami kuma a haziƙi.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai tattara bayanan mutum ya sanar da shi abin da yake tarawa da dalilinsa. Matashin Gwarzo ko Kabo da ya samu aikin nesa yana da haƙƙin tambayar abin da sabar ke rubutawa a kansa, da wanda ke karantawa, kafin ya sa hannu. Shugaban da zai yanke albashi da wannan lissafi kuma, ya fara duba aikin da aka miƙa masa.