Littafi Mai Tsarki a gidan Bahaushe: aure, suna da zumunci

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Yau zan taɓo wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika koyar da shi a makaranta ba, wato tarihin Hausawa Kiristoci. Mu nan Aujara da Jahun da Dutse, in aka ce Kirista, abin da ke zuwa ran yawancinmu shi ne mai shagon magani ko ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu. To amma akwai Bahaushe, ɗan Bahaushe, jikan Bahaushe, wanda da Hausa yake addu'a, da Hausa yake karanta littafinsa, kuma sama da shekara ɗari ke nan ana haka. Ni Musulmi ne, ba wa'azi na zo yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda waɗannan mutane suka ɗauki nassinsu suka shiga da shi cikin gida, wajen aure da suna da gado da zaman dangi, domin a nan ne addini ke gamuwa da rayuwa.

Littafin ya riga 'yan mishan isowa ƙasar Hausa. Wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya biyo ayarin Kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara fassara sassansa zuwa Hausa. Ya yi aiki da Dorugu, yaron nan da Barth ya tafi da shi Ingila. Linjilar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Amma a Turai aka yi aikin, masu karantawa a nan ba su da yawa. A 1900 ne Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller bai haƙura ba. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa wajen 1929, sannan a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Akwai kuma wani reshe da ya fi kusa da mu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya yi ta karantar da matsayin Annabi Isa har aka ga ya wuce gona da iri, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, nan maƙwabtanmu ta wajen Birnin Kudu da Gwaram, wasu ƙasar Zazzau. Wajen 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Miller da kansu, aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga wannan tsatso ya fito. Wusasa ce kuma ta raini Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da John Tafida da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Yakubu Gowon wanda mahaifinsa mai wa'azin mishan ne.

To, yanzu ga inda maganar ta fi daɗi. Masu fassarar nan ba su da wata Hausa sai wadda Musulunci ya riga ya jiƙa ta. Saboda haka Kirista Bahaushe Allah yake kira, Ubangiji yake roƙo. Annabi, mala'ika, addu'a, azumi, zunubi, gafara, Attaura, Zabura, duk suna cikin littafinsa. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, sabuwar da ta fito a ƙarshen shekarun 1970 ta ce Yesu Almasihu. Wannan ya sa in ya buɗe baki a gidan gaisuwa, ba ya bambanta da kowa: Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri. Kusancin ya sauƙaƙa zama, amma ya kuma kawo zargi, don har gobe akwai masu ganin kamar an ari kalmominsu ba da izini ba. Ni dai a ganina harshe ba gonar mutum ɗaya ba ce.

Batun suna ya zo musu da sauƙi. Linjilar Luka ta ba da labarin cewa a kwana na takwas aka raɗa wa Yesu suna, mu kuma ranar da aka haihu in ta zagayo ake suna, ka ga lissafin ya zo ɗaya. Sai suka riƙe al'adar, fasto ya tsaya inda liman ke tsayawa, a raba goro, a ci abinci. Sunayen ma rabi namu ne: Ibrahim, Musa, Dauda, Yakubu, Saratu, Hannatu. Sai ka ji Bulus ko Bitrus ko Rifkatu sannan ka gane.

Aure ne ya zama ƙashin kifi. Ka ɗauki magidanci mai mata biyu ko uku, musamman cikin Maguzawa, inda da yawa daga cikin masu karɓar addinin suka fito. Ya zo yana so a yi masa baftisma. Taron bishop-bishop na Angilikan da aka yi a Lambeth a 1888 ya riga ya yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa ba sai ya rage. Mishan ɗin SIM ma haka ta tsaya. Hujjarsu tana cikin labarin halitta, namiji ɗaya da mace ɗaya, da wasiƙar Bulus ga Timoti da ta ce shugaban ikilisiya ya zama mai mace ɗaya. To amma shi wannan magidanci yanzu ya iya karatu, littafin yana hannunsa da harshensa. Ya buɗe ya ga Ibrahim da Yakubu da Dauda duk ba mace ɗaya suka ajiye ba. Ya buɗe gaba ya ga Yesu ya tsananta a kan saki. Sai ya tambaya: wacce zan kora? Uwargida da muka sha wahala tare, ko amarya mai goyo? Wa zai ciyar da ita? 'Ya'yanta su zama na wa? Wallahi tambaya ce mai nauyi, kuma ba Baturen da ya kawo dokar ne zai kwana da amsarta ba. Da yawa sun zaɓi su riƙe matansu, su yi ta zuwa majami'a shekara da shekaru ba baftisma, ba cin jibin Ubangiji, matan da 'ya'yan kuma a karɓe su. Sai a 1988, shekara ɗari cif, taron Lambeth ya sassauta, ya ce ana iya yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa muddin ba zai ƙara aure ba, kuma bishop-bishop na Afirka ne suka matsa a kan haka. Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a kan Kiristocin Maraɗi da Tsibiri, ta nuna yadda irin wannan ja-in-ja tsakanin mishan da 'yan ƙasa ya daɗe a can ma.

Giya ma haka. Bamaguje in zai yi gayya ko biki, burkutu ne ke tara masa jama'a. Cocin ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ta hana sha gaba ɗaya, alhali nassin da kansa buguwa ya fi tsawatarwa a kai. Wanda ya daina dafa giya ya rasa 'yan gayya, sai 'yan'uwansa na coci suka zama su ne gayyar. A nan dokar coci ta matso da shi kusa da maƙwabcinsa Musulmi, ta nisanta shi da ɗan'uwansa na jini. Abin mamaki ko?

Wanda ya fito daga gidan Musulmi kuwa, nasa ya fi zafi. A shari'a babu gado tsakanin addini biyu, sau da yawa kuma matarsa ma za a raba su. Littafinsa ya gaya masa cewa bin wannan hanya na iya raba ɗa da uba, amma littafin nan dai ya umarce shi ya girmama iyayensa. Yaya zai haɗa biyun? Abin da da yawa suka yi shi ne suka ƙi yanke zumunci ko da an yanke musu. A kai hatsi gida bayan girbi, a je gaisuwar mutuwa a zauna a gefe lokacin salla, a aika da kayan salla ga tsohuwa. Wasu dangin suka sauko bayan shekaru, wasu har kabari ba su sauko ba.

A ɓangarenmu na tsohuwar lardin Kano, ƙofar da mishan ta samu ita ce jinya. Daga 1937 aka bar SIM ta riƙe asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, ta kuma buɗe tasha a Roni, wadda yau take cikin Jigawa. Ku tuna yadda ake gudun kuturu a lokacin, ba a cin abinci da shi, wani ma matarsa ta tafi. Mutumin da aka yi wa haka ya ji ana karanta masa cewa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ga kuma wata tana wanke masa gyambo da hannunta. Ba sai an yi masa dogon tafsiri ba. Gaskiya ne kuma cewa mishan ta yi amfani da jinyar don neman mabiya, sarakuna sun yi ƙorafi a kan haka, musamman game da yara. Duka biyun sun faru.

Amma in kana neman inda nassi ya fi zama aikin yau da kullum, je ka wajen zumuntar mata. Su ne masu anko da tulun kiɗa da kacau-kacau, su ne kuma masu zuwa gidan mai jego da marar lafiya, masu haɗa kuɗi don gwauruwa. In mata da miji sun saɓa, su ke fara shiga. Tsarin da suke bi yana cikin Matiyu sura 18: ka sami wanda ya ɓata maka ku biyu kawai, in bai ji ba ka zo da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Bulus kuma ya yi wa mutanen Koranti faɗa a kan kai juna ƙara kotu. Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san wannan mataki-mataki: aboki, sai waliyyi, sai mai unguwa, kafin a kai ga alƙali. Shi ya sa rigingimun aure da bashi da iyakar gona da yawa a wajen dattawan coci suke mutuwa. Illar kuma iri ɗaya ce da tamu, wani lokaci a yi ta ba mace haƙuri a kan dukan da ya kamata a ce an kai ga hukuma.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan a shirin matasa shi ne, tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 muke ta batun wane ne ɗan jiha. Yaro ya zo neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ko tallafin karatu, sunansa Bitrus, kakansa a ƙasar Roni ko Gwaram aka binne shi, Hausarsa ta fi tawa. In aka tambaye shi asalin garinsu, aka ƙi yarda da amsar da ya bayar, to ina ake so ya je ya karɓo takardar?

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan Isawa da Ningi, don labarin nan yana da tsawo. Wanda ke da dattijo a gida da ya san wani abu a kai, ya tambayo mana. Sai mun haɗu.