Tarihin Na'a-na'ar Kyanwa

A Turai da tsakiyar Asiya akwai wani tsiro ɗan dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya, wanda mutanen Ingila ke kira katnif, wato na'a-na'ar kyanwa, domin idan kyanwa ta shinshine shi sai ta yi ta birgima kamar mai maye. Amma ɗan Adam ya daɗe yana cin moriyarsa a matsayin magani.

Mutanen Ingila kan dafa ganyensa su sha domin mura, kumburin ciki da rashin barci. John Gerard ya rubuta amfaninsa a littafinsa na tsirrai a 1597, Nicholas Culpeper ma ya yi haka a 1653, ya ambaci cewa yana saukar da jinin al'ada, abin da ya sa ake hana mai juna biyu shansa. Baƙin Turai suka ƙetara da shi Amurka, inda iyaye mata suka riƙa ba jarirai ruwansa idan ciki ya murɗa.

A 1941 masana a Jami'ar Wisconsin suka ware sinadarin da ke cikinsa, nefetalakton, daga baya aka tabbatar yana korar sauro.

Abin lura gare mu shi ne, rubutun magabatansu ne ya ba masu bincike madafa. Mu ma iyayenmu suna turara ɗaɗɗoya domin korar sauro, amma mafi yawan wannan ilmi yana ƙirjin tsofaffi. Mu zauna da su, mu rubuta tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.