Ceto da Fansa a Bakin Musulmi da Kirista

A shekarar 1824 wani Bature ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Hugh Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a hanya, ya zauna gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Cikin abin da ya rubuta na wannan zama akwai tambayar da ta ɗaure masa kai. Bello ya so ya san su wane irin Nasara ne, Nastoriyawa ne ko Sosiniyawa? Na farko tsohuwar ikilisiyar gabas ce mai tushe a Iraƙi da Farisa, na biyu kuwa mabiyan wani malamin Italiya ne na ƙarni na 16 wanda ya ƙi koyarwar Allah ɗaya cikin uku. Baƙon ya ce su Furotestan ne, da aka ƙara matsa shi sai ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da Sabon Alkawari da Zabura na Larabci. Bello ya rasu a 1837, hubbarensa yana Wurno, inda mutumin Rara ko Rabah ko Goronyo ba ya buƙatar a yi masa kwatance. Abin da ke burge ni da wannan tambaya tasa shi ne bai ɗauka ya riga ya san abin da baƙonsa ya yarda da shi ba. Ya nemi sunan, sannan ya nemi abin da ke ƙarƙashin sunan.

Nasara, ko Annasara kamar yadda bakin Sakkwato ke faɗi, suna ne da muka samu daga Alƙur'ani. Bayan watan Maris na 1903, da sojojin Ingila suka ci Sakkwato, sai kalmar ta koma tana nufin Baturen mulki, shi ya sa Bahaushen da ya karɓi addinin ba zai iya ɗaukar ta ba. Kirista daga Kristos ta fito, wato shafaffe da mai a harshen Girka. Masihi ma ma'anarta ke nan, ta dai biyo ta Ibrananci da Larabci. Don haka Hausawa da Fulani da Barebari masu wannan addini suka sa wa ƙungiyarsu Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sunan da ke nuna ba baƙi ba ne. Hatta Littafi Mai Tsarki ya yi wannan ƙaura: fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki tare da wasu, Kristi ta yi amfani da shi, ta 1979 kuma ta koma Almasihu, ta mayar da Yohanna ya zama Yahaya. Sunan Yesu ne ba su taɓa ba. Musulmi ya ce Annabi Isa, Kirista ya ce Yesu, kuma yana da dalilin riƙe shi, domin a Ibrananci sunan daga tushen kalmar ceto ya fito, littafin Matiyu ma tun a surar farko ya ɗaura sunan a kan wannan aiki.

Ta yaya Hausa ta shiga wannan littafi tun farko? Ta bakin wani yaro ne da ya ratsa ƙasarmu. A 1853 wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Cikin barorinsa akwai Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi a Barno. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai, can Dorugu ya zauna da wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya fitar da Matiyu da Hausa a 1857, Sabon Alkawari ya kammalu a 1880. Masu fassarar nan da waɗanda suka biyo su ba su ƙirƙiro sabon harshe ba. Sun tarar da Hausa wadda malamai suka riga suka cika da Larabci: Allah, zunubi, tuba, gafara, aljanna, Shaiɗan, mala'ika, har da bishara. Suka ɗauka. Sakamakon shi ne yau mai wa'azi a masallaci da mai wa'azi a majami'a kalmomi ɗaya suke faɗa, amma abin da kowa ke nufi daban ne, kuma mafi yawanmu ba mu lura ba.

Ceto ita ce babbar shaida. Kalma ce ta Hausa tsantsa, ba aro ba. Wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbin Rima da damina ranar kasuwa ya san ta da ido: kwalekwale ya cika da mata da buhuna da babura, ruwa ya rage ɗan yatsa ya shiga, in ya kife sai ihu, masunta su faɗa ruwa da tufafinsu, su damƙo wanda suka samu ta riga ko ta gashi. Wanda ake ceto ba ya taimakon kansa, in ma ya yi ƙoƙari sai ya nutsar da mai cetonsa. Mutanen Goronyo da suka ga ambaliyar 2010 ba sa buƙatar a fassara musu wannan.

Malaman Musulunci suka ɗauki kalmar suka fassara shafa'a da ita. Idan tsohuwa a Rara ta roƙi Allah ya sa ta cikin ceton Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana nufin ranar tsayuwa, ranar da kowa tasa ta fisshe shi, za a ba Manzo izini ya roƙa wa al'ummarsa. Ceton nan a gaba yake, roƙo ne, kuma da izinin Ubangiji yake. Shi kuwa Kirista idan ya ce Mai Ceto, ba mai roƙa wa mutane a ranar ƙarshe kaɗai yake nufi ba. A koyarwarsu ɗan Adam ya riga ya nutse tun saɓon Adamu, aikinsa na kirki ba zai fitar da shi ba, sai Allah da kansa ya shigo ruwan, cikin Yesu, ta mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa. Shi ya sa za ka ji ɗan majami'ar ECWA ya ce ya sami ceto, kamar abin da ya riga ya faru. Musulmi ya ji haka sai ya ga girman kai: wa ya ba ka tabbacin aljanna tun kana numfashi? Kirista kuwa a ganinsa ƙanƙan da kai ne, domin yana cewa ba shi ya yi komai ba. Kiristocin ma ba bakinsu ɗaya ba, don Katolika sun fi ɗaukar ceto a matsayin tafiya ta tsawon rai, da baftisma da furta zunubi da aikin ƙauna. A ra'ayina, yawancin musun da matasa ke yi a Facebook a nan yake lalacewa, kowa yana faɗa da ma'anar da shi ya sa wa kalmar.

Fansa ta fi ciwo, don a gabashin Sakkwato yanzu ba kalmar littafi ba ce. Tun harin Tabanni na watan Yulin 2018, da ya tura mutane gudun hijira zuwa Gandi, ƙasar Rabah ta san kuɗin fansa. An san yadda ake tara shi. A sayar da san noma, a jinginar da gonar fadama, a bi dangi gida gida, wanda ke Legas ya turo, a ƙulle kuɗin a buhu, sannan a nemi mai ƙarfin zuciyar da zai kai daji, wanda shi ma bai san ko zai dawo ba. Kakanninmu sun san ta ta wata fuskar: bawa kan fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi. Da wannan kalmar ce Markus, sura 10 aya 45, ke bayyana mutuwar Yesu a fassarar Hausa, daga nan kuma laƙabin Mai Fansa ya fito. Ma'anar ita ce ɗan Adam kamamme ne a hannun zunubi da mutuwa, ba shi da abin biya, wani ya biya da ransa. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kan wa aka biya. Wasu na farko suka ce Shaiɗan, Anselm na Kantabari a ƙarshen ƙarni na 11 ya ƙi wannan, ya ce bashin na girman Allah ne da aka keta.

Musulmi ma yana da fansa, ita ce ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, wanda muke tunawa duk babbar salla. Amma nan hanya ta rabu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore gicciye Annabi Isa, kuma aƙidar Musulunci ita ce babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Adamu ya tuba, an karɓa, bai bar wa 'ya'yansa gado ba. Haka kaffara take: a wurin Musulmi mai laifi ne ke yin ta, ya yi azumi sittin ko ya ciyar da miskinai sittin, a wurin Kirista kuwa kafara abu ne da aka yi domin mai laifi.

Akwai kuma wata fansar da Hausa ta ajiye a gefe, ɗaukar fansa. Harshe ɗaya ya kira biyan da ke fitar da mutum daga daji da ramuwar da ke mayar da wani cikinsa da suna ɗaya. Wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara da gabashin Sakkwato, tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, ya san yawan ƙauyukan da wannan fansa ta biyu ta ci.

Gafara aro ce daga Larabci, tushenta rufewa. Ta shiga jinin Hausa har ta sauka daga mumbari zuwa ƙofar gida: mace ta shiga gidan maƙwabta da gafara dai, mai kura a kasuwa ya yi ta gafara a ba shi hanya, almajiri ya durƙusa da Allah gafarta malam. Amma idan laifi tsakanin mutum da mutum ne, Bahaushe yafewa yake nema. Mai tafiya Makka ko mai jin ajali ya kusa cewa yake a yafe masa. Muna rarrabe zunubi da alhaki, kuma malamai sun koyar cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. A nan addinan biyu sun fi kusa fiye da yadda mabiyansu ke zato, domin Addu'ar Ubangiji, wadda kowane yaron Kirista ke haddacewa, ta ɗaure gafarar da ake nema wurin Allah da wadda mutum ke yi wa wanda ya cuce shi. Bambancin yana ga tushe. Musulmi ya ce Allah yana gafartawa don ya so, ga wanda ya tuba, ba ya buƙatar jini. Kirista ya ce gafara tana da tsada, kuma Allah ne ya ɗauki tsadar.

Ƙauna kuwa, masu fassara sun fifita ta a kan so, wanda ke iya zama na abinci ko na samartaka. Ita ce ke cikin Yahaya sura 3 aya 16, ayar da Kiristoci suka fi riƙewa. Musulmi ya fi ambaton rahama da jinƙai, ko da yake Al-Wadudu yana cikin sunayen Allah. Alheri ma, daga al-khairi, a majami'a tana nufin baiwar da ba a cancanta ba, wanda bai yi nisa da yadda talaka ke cewa wane ya yi masa alheri ba. Kiristocin Arewa sun mayar da waɗannan kalmomi sunayen 'ya'yansu, Ƙauna, Alheri, Godiya, Murna, ta yadda daga jin suna a rajistar makaranta malami kan gane gidan da yarinya ta fito.

A ƙasar Sakkwato, mutanen karkara da yawa ba a majami'a suka fara jin waɗannan kalmomi da ma'anar Kirista ba. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan wa'azi a cikin masarautu. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka ba ƙungiyar mishan ta SIM riƙon asibitocin kutare na larduna uku, da yardar hukumomin En'e: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa kudu da Sakkwato. Masu cutar da dangi ke gudu suka riƙa zuwa daga ƙauyuka masu nisa, ana yi musu allura, ana wanke musu gyambo, ana koya musu karatun boko da Littafi Mai Tsarki. Wasu suka karɓi addinin, da yawa suka warke suka koma garuruwansu da Musuluncinsu. Daga cikin waɗanda suka karɓa aka samu ma'aikatan jinya da malaman makaranta da masu bishara na farko daga Hausawan wannan yanki.