Takwarorin Abubakar: Nazari kan Suna Ɗaya da Hanyoyin Bambanta Masu Amsa Shi a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki sunan Abubakar, ta bi sawun wasu fitattun mutane da suka amsa shi a fagagen sarauta da adabi da addini da siyasa da kimiyya, daga ƙarni na 19 zuwa yau. Manufarta ita ce gano yadda al'umma ke rarrabe takwarori ba tare da ruɗewa ba. An lura cewa a tsarin Hausawa ba sunan yanka ke ɗauke da nauyin tantance mutum ba. Gari da sarauta da laƙabi su ke yin wannan aiki. Ruɗani ya kunno kai ne lokacin da rajistar boko ta buƙaci kowa ya riƙe suna na biyu tsayayye, sai sunan uba ya maye gurbin sunan gari. An taƙaita misalai ga mutanen da tarihinsu ke rubuce a bainar jama'a.

1.0 Gabatarwa

A zaɓen 1979 Nijeriya tana da jihohi 19, kuma gwamnoni uku daga cikin waɗanda aka rantsar sunansu Abubakar: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano ƙarƙashin PRP, Abubakar Tatari Ali a Bauci ƙarƙashin NPN, da Abubakar Barde a Gongola ƙarƙashin GNPP. Jam'iyyu uku, jihohi uku, suna ɗaya. Amma mai sauraren rediyo a wancan lokaci bai taɓa tsayawa yana tambayar wane Abubakar ake nufi ba, domin babu mai kiransu da shi. Rimi ake cewa, ko Tatari, ko Barde. Magoya bayan na Kano ma sun ƙara masa da Limamin Canji.

Shekara ashirin bayan haka, ranar 29 ga Mayu 1999, Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo, wanda mataimakinsa shi ne Atiku Abubakar. A nan sunan ya koma baya. Jaridun Turanci na ƙasashen waje, bisa al'adarsu ta kiran mutum da sunansa na ƙarshe, sai suka tashi da Abubakar biyu a labari ɗaya, alhali a bakin Bahaushe ɗaya Abdussalami ne, ɗaya Atiku. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ya faru tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu, kuma me hakan ke jawo wa mai bincike?

2.0 Asalin sunan da rassansa

Yawaitar sunan ba abin mamaki ba ne. Bahaushe Musulmi yakan raɗa wa ɗansa sunan annabi ko sahabi don neman albarka, kuma Sayyidina Abubakar, halifa na farko wanda ya yi mulki daga 632 zuwa 634, yana sahun gaba. Abin lura shi ne, shi kansa ba sunansa na yanka ba ne. Sunansa Abdullahi ɗan Abu Ƙuhafa. Abubakar alkunya ce, Siddiƙu da Atiƙu kuma laƙubbansa ne. Duka ukun sun shigo ƙasar Hausa sun zama sunaye, shi ya sa ake samun Abubakar Sadik da Abubakar Atiku, wato suna da laƙabinsa a jere.

Daga nan al'adar kunya ta ƙara nata. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa, uwarsa ba za ta kira sunan surukinta gatsal ba, sai ta saya. Kamar yadda Usman ke zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama, haka Abubakar ke zama Garba. Akwai kuma Habu da Abu da Buba, a Barno kuwa Bukar. A ƙasashen da Faransa ta raina rubutun ya ɗauki wata kama: Boubacar a Nijar da Mali da Senegal, kamar marubuci Boubacar Boris Diop, ko Aboubakar a Kamaru, kamar ɗan ƙwallon nan Vincent Aboubakar na Garwa wanda ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a 2017. Sai dai a yi hattara, ba kowane Garba ne Abubakar ba. Janar Joseph Garba, wanda ya shugabanci babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, mutumin Langtang ne, kuma Garba a wurinsa sunan gida ne da ya gada.

3.0 Zamanin gari da sarauta

Mafi kyawun wurin ganin tsohon tsarin shi ne Kwalejin Katsina. A can ɗalibai sun taru daga larduna daban-daban, Muhammadu da Ahmadu da Abubakar sun yi yawa a aji, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu. Sardaunan Sakkwato a makaranta Ahmadu Raba ne. Wannan dabara ba Turawa suka ƙirƙiro ta ba, domin tun da can fatake da almajirai da sunan gari ake saninsu a baƙunta. Abin da makaranta ta yi shi ne ta sa shi a rajista.

Abubakar biyu sun yi zamani ɗaya a wannan kwaleji. Na farko an haife shi a Kagara a 1911, na biyu a ƙasar Bauci a 1912. Dukansu sun zama malaman makaranta, dukansu sun shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, kuma littattafansu, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, suna cikin biyar ɗin da aka buga. Daga nan hanya ta rabu. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a 1981. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne yayan Imam, Malam Bello, marubucin Ganɗoki, wanda shi ma ya yi nasara a gasar: shi da Kagara aka san shi. 'Yan gida ɗaya ne, amma kowa da sunansa na biyu. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa suna na biyu a lokacin ba gadon iyali ba ne, alama ce ta mutum ɗaya.

Sauran takwarorin zamanin sun bi wannan layi. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa daga 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992, sunan mahaifinsa na tsakiya amma garinsa ne ya bi shi, har ya zama sunan zuriyarsa. Abubakar Dokaji, mai Kano ta Dabo Cigari, sarautarsa ce ta tsaya masa. Abubakar Tunau, mai Wasan Marafa, laƙabi ne. Abubakar Ladan, sha'irin da ya yi wa haɗin kan Afirka waƙa, akan ƙara masa da Zariya.

A fada kuwa lissafi ake yi. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu, ya gaji ɗan'uwansa Muhammadu Bello a 1837, ya yi mulki zuwa 1842. Abubakar Atiku na Raba, ɗan Bello, ya yi daga 1873 zuwa 1877. Saboda su ne Siddiƙu Abubakar, wanda ya hau a 1938 ya shekara hamsin a kan karaga har 1988, ya zama na III.

4.0 Komawar sunan baya

Da makarantun boko suka yaɗu, da aikin soja da na gwamnati, fom ya zo da gurbi biyu: sunanka da sunan mahaifi. Malamin da ke rajistar 'yan aji ɗaya a firamaren gari ba shi da amfani da sunan gari, tun da duk yaran 'yan garin ne. Sai ya tambayi yaro sunan babansa. Ta haka Abubakar, wanda a da yake buɗe suna, ya koma rufe shi. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, da Abdulsalami da Atiku duk misalai ne. Ba a ce tsohon tsarin ya mutu ba. Rimi sa'an Abdulsalami ne, kuma har gobe 'yan siyasa na son sunan gari domin yana tallata mazaɓa. Marubuci Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar lambar adabin Nijeriya a 2016, ya nuna wata hanya ta uku: jera sunaye uku na yanka ba gari ba sarauta.

A ganin wannan nazari, sauyin ya rage wa suna ƙarfin tantancewa. Sunan gari yana ware mutum daga dubban takwarorinsa. Sunan uba kuwa daga rumbu ɗaya ake ɗebo shi da sunan ɗa, rumbun da bai wuce 'yan sunayen annabawa da sahabbai ba. Haɗa suna mai yawa da wani mai yawa ba ya haifar da suna na musamman.

Ga misali a kusa. Littafin The Lamibe of Fombina, tarihin siyasar Adamawa da aka buga a 1977, marubucinsa Sa'ad Abubakar ne, farfesan tarihi. Sarkin Musulmi na yanzu, wanda ya hau a 2006, shi ma Muhammadu Sa'ad Abubakar ne, kuma a shekarar da littafin ya fito yana matashin hafsan soja. Ɗalibin da ya ga sunan a katin laburare, ba tare da ranar haihuwa ko fage ba, yana iya jingina wa sarki littafin malami. Akwai kuma batun lambar III da jaridu ke liƙa wa Sarkin Musulmi na yanzu. Lambar ta mahaifinsa Siddiƙu Abubakar ce. Ta biyo sunan uban ne zuwa ga ɗan, kamar wani ɓangare na sunan iyali. Masu rubutu da yawa ba su lura da hakan ba, sai ka karanta "Abubakar III" ka rasa ko 1950 ake magana ko 2015.

5.0 Tasiri a kan rajista da kundin bincike

Abin bai tsaya ga manya ba. Tun da aka shigo da lambar BVN ta banki a 2014, ga kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, kwamfuta ta zama alƙali. Mutum ɗaya ne: a gida Garba, a takardar firamare Abubakar, a katin zaɓe Habu, a Facebook Sadiq. Duk unguwa ta san shi, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma na'ura ba ta san alkunya ba, sai ta ƙi haɗa takardun, ya kama hanyar kotu neman takardar rantsuwa, ya biya kuɗin sanarwa a jarida cewa shi ɗin dai shi ne.

A ɓangaren masana, ƙa'idar juya suna a fara da na ƙarshe tana yi wa sunayen Hausa ɓarna iri biyu. Tana tara mutanen da ba su haɗa komai ba a ƙarƙashin "Abubakar", tana kuma raba abin da ba ya rabuwa: Tafawa Ɓalewa sunan gari ɗaya ne, amma fihirisa da yawa sun gutsure shi sun ajiye Firayim Minista a ƙarƙashin "Ɓalewa" kaɗai. Wanda ke neman Gumi ko Dokaji kuwa, a zahiri gari da sarauta yake nema a matsayin sunan iyali.

Abin da ya fi dacewa ga mujallu da ɗakunan karatu na Hausa shi ne su shigar da mutum da sunan da jama'a suka san shi da shi, a jere yadda ake faɗinsa, sannan su biyo da shekarun rayuwarsa da fagensa, su kuma yi nuni daga sauran sunayensa zuwa wannan shigarwa. Ga sarakuna, shekarun mulki sun fi lambar jeri aminci. Ga rassan sunan kuma, ana buƙatar jadawali da zai haɗa Garba da Habu da Buba da Bukar da Boubacar wuri guda, tare da gargaɗin cewa sai an tabbatar daga tarihin mutumin kafin a mayar da ɗaya zuwa ɗaya.