Me ya sa na'urar bugun zuciya ta cika ihun ƙarya?

1/ Jama'a, kun san na'urar nan ta gefen gadon mara lafiya mai "tin-tin-tin"? Yawancin ihun da take yi ƙarya ne. Na bi tarihinta, ku biyo ni. 🧵

2/ Farkon shekarun 1900, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Willem Einthoven ya haɗa na'urar zana bugun zuciya. Ta kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta. Mara lafiya kuwa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri, don lantarkin jikinsa ya samu hanyar wucewa. Ya ci kyautar Nobel a 1924. Ku riƙe maganar bokitin nan.

3/ A lokacin likita ne ke duba zanen da idonsa. Sai farkon shekarun 1960 aka soma buɗe ɗakuna na musamman don masu bugun zuciya, aka jona wa kowa na'ura dare da rana, aka sa mata ƙararrawa.

4/ Nan fa aka zaɓi hanya: gara ta yi ihu sau ɗari a banza da ta yi shiru sau ɗaya mutum na mutuwa. Ni dai ban ga laifinsu ba.

5/ Amma na'ura ba ta ganin zuciya, lantarkin da ya iso fata kawai take ƙirgawa. Mutum ya yi goge baki, ko sanyi ya sa shi makyarkyata, sai ta zana abin da ya yi kama da zuciya mai gudun fanfalaki. Waya ta sabule, ta ce zuciya ta tsaya cak, alhali bawan Allah yana zaune yana shan shayi. Wani sa'in bugu ɗaya take ƙirgawa biyu, 70 ya koma 140.

6/ A 2014 Barbara Drew da abokan aikinta na Jami'ar California a San Francisco suka fitar da ƙididdiga: kwana 31, marasa lafiya 461, ƙararrawa sama da miliyan 2.5. Cikin na rikicewar bugu da suka tantance ɗaya bayan ɗaya, kusan kashi 89 cikin ɗari ƙarya ne.

7/ To wace nas ce kunnenta ba zai saba ba? Wasu su rage sauti, wasu su kashe. Hukumar Joint Commission ta Amurka ta ƙirga mutuwa 80 masu alaƙa da ƙararrawa daga 2009 zuwa tsakiyar 2012.

8/ Injiniyoyi sun koya wa sabbin na'urori neman shaida ta biyu: in zanen ya ce zuciya ta tsaya amma abin da aka maƙala a yatsa yana jin bugun jini, to waya ce ta samu matsala.

9/ Sauran gyaran kuma na bokitin Einthoven ne. Jel ɗin da ke jikin ɗan faifan da ake mannawa a ƙirji, aikin ruwan gishirin nan yake yi. Ya bushe, ihu ya tashi. Shi ya sa ake wanke fata, a rage gashin wurin, a sauya faifan kullum, sannan a saita iyakar ƙararrawa daidai da bugun mai gadon, ba yadda ta fito daga kamfani ba.